Gwaggo Ta Tafi da Azumi a Bakinta

Turmin da babu hatsi a ciki daban yake ƙara. Duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san haka: mai hatsi gurnani yake yi, marar komai kuwa sai ka ce ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Wannan ƙarar Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta jiyo ta kan katanga wata hantsi, shekara uku da suka wuce. Ta leƙo ta tarar da Innarmu tana daka iska, gumi na zuba, tana cewa baƙi na nan tafe. Gwaggo ta koma ta ɗebo tiya guda ta gero ta zuba a turmin, ta ɗauki taɓarya ta biyu, suka surfe shi tare. Da la'asar ta sa aka kira ni a waya a Madawa, ta ce, "'Yar lakwal, uwarki ta fara tahiya tana zaune. Ki zo."

Wata huɗu ke nan da muka rasa Gwaggo. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta don kada a manta da ita, amma duk sanda na ɗauki biro sai in ga ba zan iya yabonta ba tare da na tona kaina ba. To, bari in tona.

Ranar sadakar uku tsakar gidanta bai ɗauke mu ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin rumbu. Mata sun zo daga Deule, daga Buza, wasu daga tsaunukan Keita a bayan mota, ƙafafu duk jar ƙasa. Wata Bafulatana daga ruga ta zauna kusa da ni tana share ido da bakin mayafi. Ta ce surukinta ne ya tsufa, kullum da safe sai ya ɗauki sanda ya nausa daji neman shanun da aka sayar tun shekarun fari. Babban ɗansa ya ce a kulle shi a bukka, ƙaramin ya ce sai dai bayan ransa, har suka daina gaisawa. Gwaggo ta je ta wuni tana kallon tsohon, sannan ta ce a ɗaure masa maraƙi ɗaya a bayan bukka, a ce masa nasa ne. Tun daga ranar bai ƙara nisa ba, yana gindin maraƙin yana kore masa ƙuda har Allah Ya karɓi abinSa.

"Kuma ta sha ruwa wurinmu," in ji Bafulatanar. "Da nono ta buɗe baki."

Wata daga Keita ta karɓa: "Mu sai zuwa na huɗu tas sha. Ubanmu ne babu mai son ɗauka, ni da ƙanwata kowa na tura wa wani. Alhamis uku tana komawa da baki busasshe. Har liman ya daina amsa gaisuwar mazanmu."

Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki. Kowace mace da labarinta, kowane labari kuma da inda yake ƙarewa: ta sha a gidanmu.

Ga wanda bai san ta ba, ga yadda take aikinta. In an kira ta rabon gardama a kan tsoho ko tsohuwar da hankali ya fara barin su, ba ta zuwa sai Litinin ko Alhamis, da azumi a bakinta. A kawo ruwan baƙo ta ce, "A ajiye mini shi." Nan zai wuni a gabanta a rufe da faifai, kowa na ganinsa. In an daidaita kafin faɗuwar rana, da shi za ta buɗe baki. In ba a daidaita ba, sai ta saɓa mayafi ta kama hanya, ba ta kurɓi ko makwarwa ba. Ku duba nauyin abin: tsohuwa mai azumi ta fita daga gidanku da magariba ba ta sha ruwanku ba, a ƙasar da ko maƙiyi ba a hana shi moɗa. Takan ce, "Ni ban da sarauta, ban da karatu. Ƙishirwata kaɗai gare ni."

Ina zaune cikin matan nan ina amsa gaisuwa, "Ya haƙuri?" "Haƙuri sai ma'aiki," amma ba baƙin cikin rashi kaɗai nake ji ba. Kishi nake yi da Bafulatana, da matan Keita, da duk wadda ta buɗe baki. Ni Gwaggo ta raina da hannunta, kuma ni kaɗai ce a wurin ba ni da irin wannan labari. Daga namu zaman ta tashi ba ta sha ba, kuma ni na jawo.

Ni ce 'yar fari wurin Inna. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta kamar farilla. Da aka yaye ni Gwaggo ta goya ni zuwa Buza, inda take aure a lokacin, can na zauna, can na yi lakwal, wato makarantar boko, har kolej. In na zo hutu Inna sai ta dubi wani wuri ta ce, "Ke, an iso?" Bayan na yi aure na zama "mutan Madawa". Ƙannena kuwa sunayensu na yawo a bakinta safe da yamma. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi. Amma a ƙasan zuciyata akwai 'yar yarinya da ke jira.

Da ciwon ya yi nisa, Inna tana ɗakinta na da, a gidan ƙanena, matarsa ce ke kula da ita. Yarinya ce daga wajen Sabon Gida, ba ta yi lakwal ba, ba ta da yawan magana. Lokacin da Inna ke da lafiya ba ta taɓa yaba mata ba: tuwonta da gudaji, furarta da tsami, tafiyarta kamar an sa ta dole. Ni ma, Allah Ya yafe mini, nakan taya.

Wata Juma'a na zo da kaya niƙi-niƙi, madara, sabulu, turare, zannuwa biyu. Ina durƙushe ina kwance ƙullin sai na ji sunana. Sunana na yanka, cikakke, da muryar Inna, har da ɗan jan ƙarshe irin na lallashi. Shekarata arba'in da huɗu ban taɓa jin sa daga wannan bakin ba. Sabulu ya kuɓuce mini. Na juyo ina rawar jiki zan amsa, sai na ga ba ni take kallo ba. Matar ƙanena take kallo, wadda ke fitowa daga madafa da ƙwarya a hannu.

"Na'am, Inna," in ji ta, ko ɗar babu. Amsawar wanda ya saba.

Inna ta kama hannunta ta zaunar da ita, ta shafa kumatunta, sannan ta nuna ni da haɓa ta ce, "Wagga baƙuwar an ba ta ruwa?"

Na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Da na fito na tare yarinyar a bakin murhu na ce, "Tun yaushe kike amsa sunan da ba naki ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun damina, Yaya. Da hwari ina ce mata ba ni ce ba, sai ta yi ta kuka tana bidar ki har waje. Gwaggo tac ce in riƙa amsawa."

Gwaggo ta ce. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na koma Madawa na ce wa maigidana zan ɗauko uwata. Mutumin kirki ne, ya ce ɗaki na nan. Na tsara hujjojina kamar mai shirin jarrabawa: gidana na sima ne, wato siminti, akwai kuran, wato wutar lantarki, akwai abin fifita da zafi, gidan likita ga shi nan kusa, ba sai an ɗora ta kan amalanke ba. Duk gaskiya ne. Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba: na ƙudurta cewa in ta buɗe ido kullum ba ta ga kowa ba sai ni, dole sunan ya dawo wurin mai shi.

Ƙanena ya ce ba inda za ta. Muka yi musayar maganganu a waya, irin waɗanda ba a maimaitawa. Ya ce ina taƙama da birni, na ce ya bar uwarmu tana warin hayaƙi. Wata biyu ba mu gaisa ba. Sai Gwaggo ta aiko: Alhamis, kowa ya zo.

Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Tun mutuwar mijinta Gwaggo ta dawo ƙauye, katanga ɗaya ce tsakaninta da mu, amma ranar sai ta zagayo ta ƙofar gida ta yi sallama kamar baƙuwa. Aka kawo ruwa a moɗa, ta ce a ajiye. Ta zauna kan buzunta a gindin dogon yaro, wuyanta a karkace kamar kullum, tun zamanin da ta yi dakon duwatsu a tsaunukan Keita.

Na zuba hujjojina, ta saurara har ƙarshe. Ƙanena ya ce, "Gwaggo, in anka tahi da ita mi mutane za su ce? Za a ce mun kasa riƙon uwarmu."

"Kai rufe mini baki," in ji ta. "Mun kasa, mun kasa. Zanenta nawa ka taɓa wankewa? Kai mutane kake ji, wagga kuma gidan sima take ji. Ba wanda ya tambayi mai abin."

Ba ta taɓa yanke magana a kan tsoho ba tare da ta tambaye shi ba, komai ruɗewarsa, kuma da hantsi take tambaya, ta ce lokacin ne hankali ke leƙowa gida. Ta matsa kusa da Inna, matar ƙanenta, ta ce, "Matar ƙanena, ina kike son zama?"

Inna ta ce, "Gida."

"Ina ne gida?"

Inna ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta. Ta miƙe, ta bi ta gefen turmi, ta tsallake saiwar dogon yaro ba tare da ta duba ƙasa ba, ta sunkuya daidai inda igiyar shanya ta yi ƙasa, ta je randa ta ɗebi ruwa ta zuba wa akuya, ta dawo ta zauna.

"Kun gani," in ji Gwaggo. "Kai ya manta, ƙahwa ba ta manta ba. 'Yar lakwal, sanda kinka kai ta likita bara, kwana nawa ta yi gidanki?"

Na ce uku.

"Ta ci abinci?"

Kwana ukun nan a bakin ƙofar ƙarfe ta yi su, tana laluben sakata, tana tambayar wanda ya ɗauke rumbu.

Sannan ta juya wurin matar ƙanena, wadda ke rakuɓe a bayan kowa. "Ke kuma, ɗiyar mutane, hwaɗa mini don Allah ba don kunya ba. Kina iyawa?"

Yarinyar ta daɗe tana murza bakin zane. "Na gaji, Gwaggo. Wata rana har ina jin kamar in gudu gidanmu. Amma in anka tahi da ita ban san wa za ta kira ba in ta tsorata."

Na ce a raina: ni za ta kira, ai sunana ne.

Bayan azahar Gwaggo ta faɗi abin da ta gani. Inna za ta zauna ɗakinta. Ƙanena zai ɗauke wa matarsa ɗiban ruwa da itace, ko mutane su yi dariya ko su bari. Duk wata yarinyar za ta je gidansu kwana uku ta huta. Magani da ganin likita suna wuyana. "Kuma kai naki ne," ta ce mini. "Duk mako ki zo ki yi mata kitso. Ba mai taɓa kanta sai ke."

Na ce, "Kitso? An ba wata uwata, ni an ba ni gashi?"

"Zauna ki ji. Sunan wa take kira? Shekara arba'in tana riƙe da shi a baki kamar garwashi, ranar da kunya ta sake ta shi ta hwara hurtawa. Ke anka ba son, wagga anka ba kashi da hitsari. In kishi za a yi, wa ya kamata ya yi kishin wani?"

Yau na san magana ce ta gaskiya. A ranar ba ta shige ni ba. Abin da na gani kawai shi ne hannun Inna a kan gwiwar yarinyar nan. Na miƙe na faɗi abin da har kabarina zan yi nadamarsa. Na ce, "Gwaggo, sau biyu ke nan kina raba ni da uwata. Kin ɗauke ni ina shan nono, yau kuma kin ba wata wurina."

Matar da ta sayar da tunkiyarta ta saya mini fitila don karatu, wadda ta kwana bakwai zaune da ni a cinya sanda na yi ƙyanda, ta dube ni kawai. Ta ce, "Haka ne. Na ɗauke ki." Ta zauna har rana ta yi ja tana jan tasbaha, tana jira. Na san abin da take jira, kalma ɗaya ce, kuma tana nan a maƙogwarona. Ladan ya kira salla. Ta dubi moɗar, ta dube ni, ta naɗe buzunta ta fita. Ƙanena ya bi ta da ruwan har ƙofa yana roƙo, ta ce, "Ba naka ba ne."

Inna ta zauna a ƙauye, don ba ni da ƙarfin ɗaukar ta bayan maganar Gwaggo. Magani ina aikawa, amma ƙafata ban taka ba. Na ce sai da azumi, azumi ya wuce. Na ce da babbar salla, ita ma ta wuce. Kullum in na ɗaga hannu bayan salla sai in ji addu'ata ta yi nauyi. Sau biyu Gwaggo ta aiko mini da kuka da daddawa ta hannun direba, ba saƙon komai, ni ma ban mayar da komai ba. Bayan an gama yankan gero zazzaɓi ya kama ta, kwana biyu kacal. Kafin in iso an yi mata wanka. Matar ƙanena ce ta zuba ruwan. Nan ma ta riga ni.

Bayan sadakar arba'in ina haɗa kaya zan koma, yarinyar ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya, don Allah ki duba kan Inna kahin ki tahi."

Na zame ɗankwalin. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule, tsohon kitso ya tashi, wasu layukan a karkace kamar aikin mai koyo. Na ce cikin faɗa, "Ke ba ki iya ko tsifa ba?"

"Na iya. Gwaggo ta hana. Ita ke yi duk mako, hannunta na rawa, wuni guda take tana abu biyar. In na ce in karɓa sai tac ce, kai da mai shi, riƙo nike mata. Tun da ta rasu ban taɓa ba."

Na ajiye jakata. Na aika aka samo man shanu da kibiya. Na shimfiɗa tabarma a inuwa na miƙe ƙafa, na ce, "Inna, kawo kai." Ta dube ni da rashin yarda, ta dubi yarinyar, yarinyar ta ce, "Mai kitso ce, Inna." Sai ta kwanta. Kan uwata a cinyata, karo na farko a rayuwata. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na yi tsifa a hankali ina sa mai, hawaye na ɗiga a kan furfura, ina cewa a zuci: Gwaggo, na yarda, na yarda. Amma ba wanda zai sha ruwan.

Tun daga nan duk Talata ina hanya. Inna ba ta san ni ba. "Baiwar Allah" take ce mini, in na gama ta ƙulla mini wake a leda. Amma tana hira da mai kitso irin wadda ba ta taɓa yi da ɗiyarta ba. Ta ba ni labarin ranar da aka goya 'yarta ta fari aka tafi da ita Buza, yadda ta shiga rumbu ta yi kuka don kada a gani, yadda nono ya yi ta zuba kwana tara. Ta ce yarinyar akwai kai, ta fi maza a lakwal. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna matar ƙanena tana tankaɗe, ta ce, "Ga ta can. Ta dawo."

Ba zan yi ƙarya a rubutun mamaci ba: har yanzu yana yi mini zafi. Duk sanda sunan ya fito, ita ta amsa, sai na ciji leɓe. Ina roƙon Allah Ya cire mini, bai cire ba tukuna. Amma yanzu nakan kawo wa yarinyar man shafawa, don hannunta duk ya tsattsage da wanki, in ta tafi hutunta na kwana uku kuma ni ke kwana a ɗakin.

Ya Allah, Gwaggo ta sha ƙishirwa a gidajen bayinKa don kada a wulaƙanta tsofaffinsu. Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa, Ka yafe mata, Ka sa ta yafe mini ruwan da na hana ta. Wanda ya karanta wannan ya yi mata Ƙulhuwallahu, in kuma akwai tsoho a gidansu, ya tambaye shi da hantsi.

Makon jiya maigidana ya kwanta rashin lafiya, Talata ta wuce ban je ba, sai Asabar. Ina sauka daga kabu-kabu ɗiyar ƙanena, 'yar shekara shida, ta sheƙo ta riƙe mini jaka, tana haki.

"Gwaggon Madawa, kin daɗe. Mama ta ɗauko kibiya za ta gyara wa Kaka kai, Kaka ta buge mata hannu. Tac ce ita mai kitsonta take jira."